Ƙaramin Haƙori a Hannun Likitoci

Kusan duk wata gaɓa ta jikin ɗan Adam tana girma tare da mai ita, ban da haƙori. Hannu yana tsawo, hanci yana faɗi, muƙamuƙi yana buɗewa shekara bayan shekara, amma haƙori yadda ya ɓullo daga dasashi haka zai zauna, sai dai tauna ta rage shi. An gama ƙera kansa tun yana ɓoye cikin ƙashi. Ɗauki haƙori na biyu daga tsakiya a sama, wanda yake maƙwabtaka da fiƙa. Yana fara ƙarfi tun jariri yana wata goma zuwa shekara guda, kansa ya kammala a shekara huɗu zuwa biyar, ba zai leƙo waje ba sai yaro ya kai takwas ko tara. Shi ya sa idan uwa ta ce mini, "Likita, wannan haƙorin ya fito ɗan tsito, zai girma kuwa?" sai in ce mata, "Hajiya, ba zai girma ba, amma bari mu binciki dalili." Abin da ya tsaida shi haka ya faru shekaru da suka shige, wani lokaci ma tun ba a haifi yaron ba.

A katin asibiti muna rubuta maikurodonshiya. Kalmomin Girkanci biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin ƙarami, ɗaya haƙori, ba ta ɗauke da komai bayan wannan. Ba sunan cuta ba ne. Bayanin abin da ido ya gani ne, kuma abin da ido ya gani yana iya zama gado marar illa, yana iya zama sawun wata lalura da ta wuce. Na daɗe ina duba haƙora ina kuma koyar da masu shigowa sana'ar, abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗalibi yakan rubuta kalmar ya ajiye biro kamar ya gama aiki, alhali a lokacin ne aikin ya fara. Magabatanmu a wannan sana'a sun sha wahala kafin su koyi karanta ƙaramin haƙori, wasunsu kuma sun karanta shi a karkace sun cuci bayin Allah. Ina so a san duka biyun.

Kafin a ce abu ya ƙanƙance sai an san daidai ɗinsa. Ƙarnuka masu yawa a Turai cire haƙori aikin wanzamai ne da masu bin kasuwa-kasuwa, kamar yadda wanzamanmu suka riƙe shi a nan. Mai ciwon haƙori ba ruwansa da faɗinsa, so yake a raba shi da shi ya samu barci. Pierre Fauchard na Faransa ne ya fara tattara sanin haƙori wuri guda a littafin da ya fitar a 1728. A 1771 John Hunter, likitan fiɗa a Landan, ya rarraba haƙora gida-gida, na yanka da fiƙoƙi da ƙananan turame da manya, ya ba su sunayen da har yau ake amfani da su. Ma'auni kuwa sai da ya jira Greene Vardiman Black, ɗan manomi daga jihar Illinois ta Amurka, wanda ya zauna ya auna tarin haƙoran da aka cire, tsawo da faɗi da kauri, ya buga jadawalinsu a 1890, kowane haƙori da matsakaicinsa da mafi girma da mafi ƙanƙanta. Daga nan ne likita zai iya cewa babban haƙorin gaba na sama faɗinsa yakan kai milimita 8.5 zuwa 9, na kusa da shi kuma wajen 6.5, don haka wanda ya tsaya a milimita huɗu ya fita daga sahu. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Sai dai haƙoran da Black ya auna na mutanen da ke kewaye da shi ne, girman haƙori kuwa ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. 'Yan asalin Ostareliya suna cikin masu mafi girman haƙora a duniya, 'yan Afirka ma a matsakaici sun ɗara Turawa. Ƙaramin haƙori na gaskiya shi ne wanda ya faɗi can ƙasa da abin da ake samu a jama'ar mai shi.

Tun Black bai ɗauki ma'auni ba, wani likita a Landan ya riga ya gano cewa ƙaramin haƙori yana magana. Jonathan Hutchinson yana duba marasa lafiya a asibitin ido na Moorfields, inda ake kawo masa yara da matasa masu hazo a baƙin ido. Mutum ne mai kallon jiki gaba ɗaya, ba gaɓar da aka kawo ƙara kaɗai ba, sai ya riƙa buɗe bakinsu. Ya ga abu guda yana ta maimaituwa: manyan haƙoran gaba biyu na sama sun fito gajeru, da tazara tsakaninsu, sun tsuke wajen baki maimakon su buɗe, kuma bakin yana da ɗan lotsawa a tsakiya. Da ya bi tarihin gidajensu sai ya tarar iyayen sun yi tunjere. A 1858 ya gabatar da abin ga ƙungiyar masu nazarin cututtuka ta Landan. Daga baya aka haɗa alamomi uku da sunansa, wato waɗannan haƙora da hazon ido da kurumta. A 1877 Henry Moon na Asibitin Guy ya ƙara da cewa turmin farko na irin waɗannan yara shi ma ƙarami ne, kansa a dunƙule.

A tuna fa, a wannan zamani ba wanda ya taɓa ganin ƙwayar cutar. Sai a 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gan ta a Balin, gwajin jini na Wassermann ya biyo baya a 1906, maganin fenisilin kuwa sai a 1943 aka fara yi wa masu tunjere. Kusan shekara hamsin ke nan haƙori yana cikin manyan shaidun da likita yake da su. Dalilin da ya sa waɗannan haƙoran ne kawai abin yake shafa ya koma ga maganar da na fara da ita. Turmin farko yana fara ƙarfi daidai lokacin haihuwa, haƙoran gaba kuma a wata uku zuwa huɗu, lokacin da cutar take kan ganiyarta a jikin jariri. Haƙoran da suka fara ƙeruwa bayan ta lafa sukan fito lafiya lau. Wanda ya san jadawalin ƙeruwar haƙora zai iya duban baki ya ce abin ya faru a shekara kaza. Wannan shi ne babban abin da Hutchinson ya bar mana, ya fi sunan da aka laƙaba wa haƙoran muhimmanci.

Amma ilimi idan ya faɗa hannun mai gaggawa yakan zama makami. Da labarin ya bazu, duk yaron da aka gani da ƙaramin haƙori ko mai tsini sai a fara yi wa iyayensa kallon zargi, alhali siffar da Hutchinson ya bayyana takamaimiya ce, a haƙora takamaimai. Abin ya ƙara muni a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ra'ayin "lalacewar iri" ya mamaye Turai da Amurka. Cesare Lombroso na Italiya ya fitar da littafinsa a 1876 yana da'awar ana gane mai laifi daga ƙirar kai da kunne da muƙamuƙi. A Chicago wani likitan haƙori, Eugene Talbot, ya ɗauki wannan hanya, ya buga littafi a 1898 inda ya lissafa rashin daidaiton haƙora da muƙamuƙi cikin alamomin lalacewar zuri'a. An shiga gidajen yari da gidajen masu taɓin hankali ana leƙa bakin mutane ana rubuta hukunci. Babu gaskiya a cikin wannan ko ƙanƙani. Girman haƙori ba ya faɗin hankalin mutum ko halinsa. Ina gaya wa ɗalibaina wannan babi duk da ba ya cikin manhaja, domin ɗan sana'armu ne ya rubuta shi, kuma mutanen da aka yi wa tambarin ba su da bakin kare kansu.

A daidai wannan zamani akwai wanda ya kalli irin wannan abu da idon basira. A bugu na biyu na littafinsa kan sauye-sauyen dabbobi da tsirrai na gida, wanda ya fito a 1875, Charles Darwin ya kawo labarin wani gida na Hindu a yankin Sind, wanda yau yake cikin Pakistan. Maza goma a tsatso huɗu, kowannensu haƙoran gabansa huɗu ne kacal, ƙanana marasa ƙarfi, sai turame takwas a baya. Gashin jikinsu kaɗan ne, sanƙo yana kama su da wuri, kuma suna shan azaba lokacin zafi saboda bushewar fata. Abin da ya ɗaure wa Darwin kai shi ne hanyar gadon. 'Ya'ya mata ba sa nuna abin, amma su ne suke miƙa shi ga 'ya'yansu maza, namiji mai lalurar kuwa bai taɓa miƙa ta ga ɗansa ba. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ga gidan da abin yake tsallake ɗa ya faɗa kan jika ta wajen 'ya. Darwin ya rubuta abin da aka shaida masa, bai ɗora wa kowa laifi ba. A 1921 wani masani ɗan yankin, K. I. Thadani, ya sake bin irin waɗannan gidaje a Haidarabad ta Sind, ya nuna gadon yana tafiya ne da kuromosom X, wanda namiji yake karɓa daga uwa kawai. Ƙwayar gadon kanta sai a 1996 Juha Kere da abokan aikinsa suka gano ta. Ita ce take ba da umarnin ƙera haƙori da gashi da ƙofofin gumi, shi ya sa ukun suke raunana tare.

Wannan lalura tana ko'ina a duniya, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu haƙoran ne mafi sauƙin matsalarta. Yaron da ba ya gumi jikinsa ba ya iya huce kansa. A watan Afrilu zai riƙa zazzaɓi marar dalili, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro abin bai sauka ba. Sau da yawa likitan haƙori ne farkon wanda zai haɗa zancen, idan ya ga 'yan haƙora masu tsini, ya ɗaga kai ya ga gira ba gashi, ya tambayi uwa ko yaron yana gumi, ko a cikin kawunnansa na wajen uwa akwai mai irin wannan baki. Tambayoyi biyu ne, ba sa cin kuɗi, suna iya ceton rai.

Irin waɗannan kaɗan ne. Akasarin ƙananan haƙoran da nake gani guda ɗaya ne ko biyu a bakin mutum mai cikakkiyar lafiya, kuma kusan kullum a wuri ɗaya: na biyun nan na sama da ke kusa da fiƙa, sai turmin ƙarshe. Na biyun yakan fito siriri mai tsini kamar ƙwayar shinkafa, littattafai suna kiransa mai siffar turke. Nazarin da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2013 ya nuna kusan mutum biyu cikin ɗari suna da shi, ya fi yawa a mata, ya kuma fi yawa a mutanen gabashin Asiya. Albert Dahlberg ya ba da bayanin wannan a 1945, yana ɗorawa kan aikin Percy Butler na 1939: a kowane rukunin haƙora akwai tsayayye wanda siffarsa ba ta cika sauyawa ba, na ƙarshen rukunin kuwa shi ne mai rawa, shi yake ƙanƙancewa, shi yake ɓacewa ɗungurungum. Ƙanƙancewa da rashin fitowa 'yan uwan juna ne. A gida ɗaya za ka ga uba ba shi da wannan haƙori sam, 'yarsa tana da shi ƙarami a dama babu shi a hagu. Shi ya sa ba na barin mai irin wannan haƙori ya tafi ba a ɗauki hoton muƙamuƙinsa ba. Hoton yakan nuna wani ƙaramin turmi da ba a halitta ba, ko fiƙa da ta ɓata hanya ta nufi ganɗa, domin fiƙa tana bin saiwar maƙwabcinta ne wajen saukowa, idan saiwar ta gajarta sai ta rasa jagora. Wani lokaci kuma abin da ake kira ƙaramin haƙori ashe na yarinta ne da bai yi famfara ba, don babu na dindindin a ƙarƙashinsa da zai turo shi.

Masu tono ƙasusuwan mutanen dā sun ƙara mana wani abu. C. Loring Brace na Jami'ar Michigan ya auna haƙoran zamani daban-daban ya nuna suna raguwa sannu a hankali, kuma raguwar ta ninka sauri a shekara dubu goma na baya, bayan mutane sun kama noma da dafa abinci a tukunya. A ma'aunin kakanninmu na can nesa, dukkanmu masu ƙananan haƙora ne.

Littafin Shafer da Hine da Levy, wanda ya fara fitowa a 1958, a cikinsa muka karanta rabe-raben da ake koyarwa har yau. Akwai na haƙori guda, wanda na gama bayani. Akwai wanda duk haƙoran baki suka ƙanƙance, wannan ba a cika ganinsa ba, yakan zo da ƙarancin sinadarin girma da ƙwaƙwalwa take sarrafawa ko da lalurar Down. Na ukun shi ne wanda haƙoran daidai suke ko sun ɗan gaza kaɗan, amma muƙamuƙin babba ne, sai tazara ta bayyana tsakaninsu. A nan ne nake rabuwa da littafin. Idan tazarar ta faɗo tsakanin haƙoran gaba, sunanta a wurinmu wushirya, kuma ba a taɓa kai mai wushirya asibiti ba, yabonta ake yi a ranar biki. Wayne Bolton na Amurka ya fitar da lissafi a 1958, daga bakin mutum 55 masu kyakkyawan jerin haƙora, cewa jimillar faɗin haƙoran gaba shida na ƙasa ya kamata ta kai kashi 77.2 cikin ɗari na shidan sama. Lissafi ne mai amfani idan za a sa wa mutum wayar gyaran haƙora, ina aiki da shi. Amma ba ma'aunin kyau ba ne, kuma ba hujja ba ce ta rufe tazarar da mai ita yake alfahari da ita. Ɗaya ɓangaren ma yana ƙona mini rai: 'yan mata da ke zuwa wurin masu zarto a goge musu haƙora lafiyayyu don a ƙirƙiro wushirya. Ɓawon haƙori ba ya tofowa. Bayan wata shida ko shekara sai a zo mini da haƙori ya yi baƙi, jijiyarsa ta mutu, dasashi ya tara mugunya. Garin neman gira an rasa ido.

Tarihin gyaran ƙaramin haƙori shi ma tarihin koyon sassauta hannu ne. A dā hanyar ita ce a sassaƙe haƙorin a kifa masa hula ta zinariya ko ta tangaran, wani lokaci ma a cire shi a sassaƙe maƙwabtansa biyu a ɗaura gada. Na ga dattijai da dama da suka rufe ɗan siririn haƙorinsu da haƙorin Makka, kuma a gaskiya ya fi dacewa a nan fiye da ko'ina, tunda haƙorin ƙarami ne ba sai an rage shi sosai ba. A 1928 Charles Pincus, likitan haƙori a Kalifoniya, ya fara yi wa 'yan fim ɗin Hollywood siraran fuskokin haƙori da ake mannawa na ɗan lokaci a cire bayan ɗaukar hoto, domin babu abin da zai riƙe su. Wanda ya warware matsalar shi ne Michael Buonocore a birnin Rochester. A 1955 ya nuna cewa idan aka shafa wa ɓawon haƙori ruwan asid na daƙiƙa talatin aka wanke, fuskarsa takan yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani, roba ta shiga ta kama gam. Shekaru suka shige ba a kula aikinsa ba. A 1962 Rafael Bowen ya haɗa farin cikon da ya dace da wannan dabara. Yau ina iya ɗaukar haƙori mai milimita huɗu in gina masa gefe da gefe da farin ciko cikin awa guda, ba allura, ba sassaƙa, yarinya ta tashi ta dubi madubi. Cikon yana dafewa da goro da shayi, yana son gogewa lokaci-lokaci, wata rana zai buƙaci sabuntawa, amma haƙorinta na nan ƙarƙashinsa yadda Allah Ya halicce shi. Yaro kuwa ba na yi masa hular dindindin sai girmansa ya tsaya, don dasashi yana ja da baya har ƙarshen ƙuruciya.

Sabon babin wannan tarihi ya zo ne daga nasarar likitocin cutar daji. Kafin shekarun 1960 yaron da ya kamu da kansar jini da wuya ya rayu. Da magunguna da gashin na'ura suka fara warkar da su, suka girma, sai likitocin haƙori suka fara ganin ƙananan haƙora a wuraren da ba a saba ba, musamman ƙaramin turmi na biyu da babban turmi na biyu. Waɗannan su ne suke fara ƙeruwa a shekara biyu zuwa uku, maganin kuwa yana kai hari ga duk ƙwayar da take saurin rarrabuwa, bai san ta ciwo da ta haƙori ba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka yi wa magani kafin ya cika shekara huɗu ko biyar. Haƙoran ba za su fito ba sai yaro ya kai goma sha ɗaya ko sha biyu, lokacin iyaye sun manta da alaƙar, katin asibitin farko ma ƙila ya ɓace. Saiwoyinsu sukan zama gajeru, don haka idan za a sa waya a jawo su sai an yi a hankali, in ba haka ba su yi girgiɗi. Duk yaron da ya sha wannan magani yana ƙarami ya kamata a ɗauki hoton muƙamuƙinsa idan ya kai shekara bakwai ko takwas, a rubuta wa iyaye sunan maganin da shekarun da ya sha shi a takarda guda, su riƙa zuwa da ita duk inda za a duba masa baki.